Ƙullin Ledata a Tumbin Akuya

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shaidar da zan bayar ba irin wadda aka saba ji ranar Lahadi ba ce, ta warkewa daga ciwo ko samun aiki ko tsira daga haɗarin mota. Tawa ta akuya ce da leda da 'yan itatuwa bakwai, da kuma yaro ɗan shekara 15 da ya kunyata ni a tsakar gidana. Na daɗe ina jin nauyin faɗinta, don duk ta inda aka juya labarin ni ce mai laifi.

Ni mutuniyar ƙasar Zuru ce, aure ya kawo ni Sakkwato a 2004. Maigidana malamin makaranta ne. 'Ya'yanmu uku: namiji babba, mace na bi masa, sai auta. Gidan haya muka zauna a Mabera, ɗaki biyu da falo da tsakar gida mai ɗan faɗi, wadda babu ko ciyawa a cikinta. Sana'ata zoɓo da kunun aya, da yamma kuma in soya awara a ƙofar gida. Wanda ya san zafin garin nan a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 har ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa, ya san zoɓo mai sanyi ba ya kwantai. Ranar da kasuwa ta yi kyau nakan ƙulla leda sama da 200. Da wannan kuɗi na taimaka wajen biyan makaranta, da shi na yi ankon Zumuntar Mata, daga cikinsa nake fitar da zakkata. Ban taɓa tambayar kaina inda ledar take zuwa bayan an tsotse ta ba. An sha, an yar, iska ta ɗauka, zance ya ƙare.

Akwai wata magana da ba ta barin bakina a lokacin: "Mu baƙi ne." A coci muna rerawa cewa duniya ba gidanmu ba ce, muna wucewa ne. A gida kuma maganar ta samu ma'ana ta biyu. Sakkwato ba garinmu ba ne, gidan ba namu ba ne, kowane Disamba ana ɗaure kaya a tafi gida, filin da muke tara kuɗi mu gina yana can Zuru. In kwatar ƙofar gida ta toshe, na mai gida ne. In juji ya cika ya tumbatso kan hanya, na hukuma ne. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, ni kuwa na riƙe karin maganar nan kamar aya. Yara suna ji, suna girma da ita.

A 2021, da babban ya ci jarrabawar ƙaramar sakandare, babansa ya kai shi Kara ya saya masa 'yar akuya. Jar akuyar Sakkwato ce, irin wadda majema ke jeme fatarta da bagaruwa, fatar da tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka daga Maroko take. Yaron ya so dabbar nan so na ban mamaki. Wanda sai an yi masa kira uku kafin ya tashi addu'ar asuba, sai ga shi tun kafin gari ya waye yana dama mata dusa. Ya riga ya yi lissafi a bayan littafinsa: ta haifi biyu, ya sayar da ɗaya, ya canza waya. Da rana mukan sake ta ta yi yawo a unguwa kamar sauran awakin mutane.

Wajen watan Nuwamba cikinta ya fara tasowa. Muka yi murna, har maƙwabta na yi wa yaron barka. Sai dai cikin na girma ita tana ramewa. Ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya tashi, in an ba ta harawa ta ɗan taɓa ta juya kai. Na ce laulayi ne. Saura kwana tara Kirsimeti ta kwanta ta kasa tashi. Aka kira mai duba dabbobi, ya danna cikin da hannu biyu, ya girgiza kai ya ce wannan ba ciki ba ne, a yi sauri a yanka kada a yi asara biyu.

Mahaucin da ya feɗe ta ya tsaga tumbin a gabanmu. Babu ɗa. Abin da ya zaro wani dunƙule ne baƙi-ƙirin mai wari, ya kai girman kan yaro, leda ce ta nannaɗe da leda, da guntun igiya, da tsumma, sun cure sun yi tauri har wuƙa ba ta shiga. Mahaucin ko a jikinsa. Ya ce kullum suna ganin irin wannan a mahauta, a shanu da tumaki da awaki, musamman da rani in ciyawa ta ƙare. Dabba na jin ƙanshin gishiri da mai a jikin leda ta haɗiye, ledar ba ta narkewa ba ta fita, sai ta cika tumbi, dabbar ta riƙa jin ta ƙoshi alhali yunwa ke kashe ta.

Yaron ya tsuguna da tsinke yana tona dunƙulen. Na ce ya tashi, ƙazanta ce. Bai tashi ba. Can sai ya ɗago wata 'yar leda da tsinken, ya juyo da ita wajena.

"Mama, wannan ƙullin naki ne."

Kowace mai zoɓo da irin ƙullinta. Ni nakan murɗa bakin ledar sau biyu in mayar da shi ciki, ya bar ɗan kunne a gefe. Yarana sun san shi don su ke taya ni ƙulli da daddare. Na duba. Nawa ne. Ya ci gaba da tonawa, ya fito da ta biyu, ta uku. Na ce masa ba ni kaɗai ke sayar da zoɓo a Mabera ba, na shige ɗaki.

Naman nan bai ci ko tsoka ɗaya ba. Da dare muka zauna addu'ar iyali kamar yadda muka saba, babansa ya karanta nassi, ni na yi addu'a, har na ce Ubangiji ya koya mana kada mu ɗora zuciya a kan abin duniya, don mu baƙi ne a cikinta. Kowa ya ce amin ban da shi. Da na buɗe ido ya ce, "Mama, in tambaye ki? In mu baƙi ne, baƙo yana zuba shara a gidan da aka sauke shi?"

Abin da na yi ba abin yabo ba ne. Na daka masa tsawa na ce ni yake gaya wa magana, da kuɗin ledar nan aka yi masa wandon da ke jikinsa. Babansa bai ce uffan ba, ya rufe Littafi ya ce a je a kwanta. Shirun nan nasa ya fi maganar yaron yi mini zafi.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, sai tunanin mahaifina. Bai yi boko ba, bai taɓa jin kalmar muhalli a rediyo ya kula ba. Amma in ana sassabe a gonarsa, akwai itatuwan da gatari ba ya taɓawa: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya. Ya taɓa zane yayana don ya sare reshen ɗorawa mai fure. Daga ɗorawar nan mahaifiyata ke yin daddawa, daga kaɗanya take yin man da muke shafawa da hunturu, muke kuma soya abinci da shi. Ni da na yi makaranta, nake riƙe da Littafi Mai Tsarki, nake koyar da mata a Zumunta, na tashi 'ya'yana a gidan da ko tsuntsu ba shi da wurin sauka. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ranar nan dai yaro ne ya tsuguna ƙasa ya ga abin da babba ta tsallake.

Ban tuba washegari ba, kada in yi muku ƙarya. Na yi watanni ina ƙulla ledata, muna 'yar gaisuwa sama-sama da ɗana. Iyaye masu samari sun san irin wannan zama: yana cin tuwonka, yana yi maka aike, amma ƙofar zuciyarsa a rufe.

Da bazarar 2022 aka yi taron ƙara ƙarfi a cocinmu, cikin masu wa'azi akwai wani dattijo mai bishara daga ƙasar Maraɗi. Shi ya ba mu labarin Tony Rinaudo, Baturen Ostareliya da ya zo Nijar aikin mishan a ƙarƙashin wata ƙungiyar bishara mai suna SIM. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, rana ta ƙone wasu, awaki su ci wasu, gara ta gama da sauran. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi, ya dubi ƙasar da ta zama fako, ya yi addu'a Allah ya gafarta wa mutane ɓarnar da suka yi wa kyautarsa, ya kuma buɗe masa ido. Sai ya lura da 'yan tsirran da ke ko'ina a gonaki, waɗanda manoma ke sarewa duk shekara suna ƙonawa. Ashe kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara karɓar dabarar, suna kiranta sassaben zamani. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Dattijon ya ce gonarsa da a da iska ke binne masa shuka sai ya sake shuka sau biyu sau uku, yanzu cike take da gawo da kalgo da sabara. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, da rani ya yi kore ya ba dabbobi abinci.

Ina sauraro ina cewa a raina wannan na manoma ne, ni 'yar haya ce. Kamar ya ji ni, sai ya buɗe Irmiya sura 29, wasiƙar da annabin ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila. Mutanen nan su ne baƙi na ainihi, ba da son ransu suka je ba, kullum idonsu na kan hanyar gida. Amma Allah ya ce musu su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su nemi lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, don a cikin lafiyarsa tasu take. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin gyalena. Shekarata 18 a Sakkwato. A nan na haifi 'ya'yana uku, ruwan garin nan suka sha, da kuɗin mutanen garin nan na ciyar da su. Abin da na bar wa garin kuwa leda ce.

Na waiga ɓangaren matasa. Ɗana na zaune ya zuba wa dattijon ido, wayarsa a aljihu, abin da ban taɓa gani ba a lokacin wa'azi.

A hanyar gida na ce masa, "In muka dasa itace a gidan nan, za ka iya kula da shi?" Ya ce, "Ai gidan ba namu ba ne." Maganata ce ya mayar mini, ya kuma san abin da yake yi. Na haɗiye. Na ce gobe ya raka ni wurin Alhaji.

Mai gidanmu dattijo ne Basakkwace, muka same shi kan tabarma a zaure. Bayan gaisuwa ya ce, "Maman yara, mi ya faru? Wata bai mutu ba." Na ce ba zancen haya ba ne, izini muke nema mu dasa itatuwa a tsakar gida da ƙofar gida. Ya yi dariya har da tafa hannu. "Shekara nawa kuna gidan ga, sai yau anka tuna da icce?" Sannan ya dubi yaron ya ce a addininsu an koya musu duk wanda ya dasa icce, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada a sa dogon yaro kusa da bango ko ramin bayan gida, don saiwarsa na fasa gini. Washegari ya aiko da bulo a kura a yi wa dashen kariya. Na ji kunya ƙwarai. Mutumin da nake ta cewa komai nasa ne, ashe jira yake a tambaye shi.

Da ruwa ya zauna a watan Yuli muka dasa bakwai: dogon yaro uku, zogale biyu, mangwaro ɗaya, gwaiba ɗaya. Dogon yaron ko sisi ba mu kashe ba, yaron ya cire 'yan tsirrai a gindin wani babba a makarantarsu. Shi ya haƙa ramuka, ya cuɗa ƙasa da takin da ya rage a turken akuyarsa, ya barbaɗa toka saboda gara. Damina ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa daga Oktoba, in ruwa ya ɗauke ya bar ka da wata bakwai ko takwas na rani a garin da kake sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan ga-ruwa. Sai ya ajiye bokiti a bakin madafa, duk ruwan wankin shinkafa da na zoɓo da ɗaurayar kwanoni a ciki ake zubawa. Ya huda murfin robobin lemo, ya cika su ya kife a gindin kowane dashe, ruwan na ɗiga a hankali. A waya ya gano dabarar. Wayar da nake zagi dare da rana. Daga nan ya fara zuwa madafa yana ba ni labari ina aiki: cewa tun 2007 ƙasashen Afirka suka ƙulla shirin yin ganuwar itatuwa a bakin Sahara, cewa Sakkwato na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa. Rabin abin da yake faɗa ban riƙe ba. Abin da ya dame ni shi ne ɗana ya dawo yana mini hira.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa na ce dole in ba iyaye wannan shaida. Da bazarar 2023 ya fara daɗewa wurin ƙwallo, wata rana har bayan magariba. Na rasa irin horon da zan yi masa, ya fi ƙarfin bulala. Sai na ce daga yau duk ranar da ya makara zai ɗebo jarka huɗu daga rijiyar burtsatse ya ba itatuwa, ko sun sha ko ba su sha ba. Na ga kamar hikima ce, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Mako biyu bai cika ba yaron ya daina duban inda itatuwan suke. In na ce ya ba su ruwa, sai ya kwara a tsaye ya wuce. Robobin suka bushe. Cikin watan Afrilu mangwaro da gwaiba suka ƙone, dogon yaro ɗaya na ƙofar gida kuma awaki suka ture bulon suka cinye, ba wanda ya gyara.

'Yar'uwarsa ce ta faɗa mini gaskiya muna tsintar zoɓo. Ta ce, "Mama, abinsa ne fa, kika ƙwace kika mai da shi bulala." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ni na tanƙwara har na ji ƙara. Na yi kwana uku ina kokawa da girman kai. A al'adarmu uwa ba ta ba ɗa haƙuri, sai dai ta ƙara masa nama a miya ya gane. Na gwada naman, bai yi aiki ba. Daren na huɗu na same shi a waje na ce, "Na yi kuskure, ka yafe mini. Itatuwan naka ne, ba zan ƙara sa baki ba." Bai amsa ba. Da asuba na ji ƙarar bokiti.

Ita kuma yarinyar nata daban ne. Da na yanke shawarar komawa zuba zoɓo a roba, sai muka riƙa tattara robobin lemo bayan biki a coci, a wanke da ruwan zafi da sabulu, wanda ya dawo da roba a rage masa kuɗi. Sau ɗaya ta bi mu, wasu samari suka kira ta 'yar bola jari, ta dawo tana kuka. Da a da ne sai in ce dole, aikin Ubangiji ne. Wannan karon na ƙyale ta. Budurwa 'yar shekara 15 mutuncinta a idon tsaranta ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, ko da mu manya mun manta. Da kanta daga baya ta ɗauki littafi ta riƙa rubuta robobin da suka fita da waɗanda suka dawo, ita ta gano masu riƙe mana roba.

Ciniki ya ragu, wannan gaskiya ce. Yaro mai naira hamsin ba ya iya sayen roba, sai na ajiye kofuna a ƙofa a sha a nan a ba ni abina, wasu kuma suka koma wurin masu leda. Har yau ban rabu da leda gaba ɗaya ba, mai sayen awara da zai tafi da ita nesa in bai zo da kwano ba, a leda nake sa masa. Ba na so in tsaya a gabanku kamar wadda ta gama.

Matasan cocinmu, da ɗana a cikinsu, suka fito wata Asabar kafin damina su yashe kwatar layinmu. Kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a Mabera, mu da muka ga ambaliyar 2010 a jihar nan ba ma wasa da hadari. Abin da suka kwaso rabinsa ledar fiya wata ce da irin tawa. Samarin maƙwabta Musulmi suka tsaya kallo, can ɗaya ya shiga gida ya fito da shebur, kafin azahar an zama ɗaya ba a gane na coci da na masallaci, kowa baƙi-ƙirin da taɓo. Amma wani dattijo a cikinmu bai ji daɗi ba. Ya ce an bar bishara an koma aikin hukuma, ai Bitrus ya rubuta cewa duniyar nan wuta za ta ci. Na ce, "Baba, jikin nan ma ƙasa zai koma, amma na ga yau ka yi wanka ka shafa mai." Ya yi dariya, bai dai yarda ba, har yanzu muna jan zancen in mun haɗu. Ni abin da na gani a Farawa shi ne tun kafin zunubi ya shigo, aikin da aka fara ba mutum a gonar Aidan shi ne ya nome ta ya kiyaye ta. A Littafin Firistoci kuma Ubangiji ya ce ƙasar tasa ce, mu baƙi ne a wurinsa. Ashe maganata ta shekara da shekaru daidai ce, fassarar ce na juya.

Akwai inda har yau ban samu kwanciyar rai ba. Bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin mai suyar awara, na ajiye tukunyar na koma kurfoti da gawayi. Na san inda gawayi ke fitowa. Kirsimetin shekarar da muka je gida na tarar da kaɗanya biyu na gonar mahaifina babu su, wani ɗan'uwa ya sayar wa masu ƙona gawayi ya biya kuɗin asibiti. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna buhun da ke madafata a Sakkwato, na rufe. Laifi tudu ne. Ɗana yana tsaye bai ce komai ba. Da muka dawo ya kwaɓa yumɓu ya gina mini murhu mai rufaffen gefe, wanda wuta ba ta watsewa, ya ce in riƙa jiƙa wake tun dare, in kuma daina dafuwa tukunya a buɗe. Buhun da ke yin mako biyu ya koma yana kaiwa kusan uku. Gawayi dai gawayi ne, ina saye, ina kuma roƙon Allah ya buɗa mini wata hanya.

Bara Alhaji ya rasu, Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Magada suka bukaci gidan, suka ba mu wa'adi cikin mutunci, muka tashi. Lokacin dogon yaro biyun sun wuce rufin ɗaki, a inuwarsu nake tsintar zoɓo, zogalen kuwa mun ci ganyensa a kwaɗo da miya har mun raba wa maƙwabta. Ranar da muke loda kaya wata 'yar Zumunta ta ce, "Kin gani? Kin yi wa wasu wahala." Kwanaki na bi ta layin a Keke, na hango matar gidan ta shimfiɗa tabarma a gindin na tsakar gida ta ƙofar da aka bari a buɗe, yara uku na karatun allo kusa da ita. Ban tsaya ba, ba su san ni ba.

Sabon gidan ma haya ne, tsakar gidansa ba ta kai waccan ba. Kafin mu gama jera kaya yaron ya riga ya je wurin sabon mai gida shi kaɗai. Ya dasa uku a watan Yuli, a watan Oktoba ya tafi makaranta a wani gari ya bar wa auta amana, ni kuma aka naɗa ni mai sa ido. Shekaranjiya wajen ƙarfe goma na dare ya kira. Bai tambayi lafiyata ba sai da ya ce, "Mama, an ba su ruwa?" Na ce an ba su. Ya yi shiru. Na ce to, ba a ba su ba, auta ya yi barci, ni kuma na sha'afa. Ya ce zai jira a kan layi. Na ɗaura zani, na kunna fitilar waya, na ɗauki bokitin bakin madafa na fita.